Danna Ki Gani

Da na gama karatun kwamfuta na dawo gida Gwarzo, aikin da na fara samu shi ne goge hotuna a wayoyin matan unguwa idan sun cika. Ba a biya na, amma ana sa mini albarka. Babana malamin Islamiyya ne, kuma ba mutum ne mai yawan tambaya ba. Idan ya gan ni a tsakar gida da laftof a cinya sai ya ce, "Ana ta fama?" In ce, "Ana yi, Baba." Ya wuce. Ban san abin da yake zaton ina yi ba. Ni dai koyon haɗa manhajar waya nake yi, ina bin darussa a intanet duk ranar da na samu data, ba tare da kowa ya sa ni ba.

Gwaggo yayar Baba ce, tana zaune a Kabo. Tun rasuwar mijinta take sayar da atamfa a ɗakinta. Turame ne jere a kabad, wasu a kan gado, har sai ta kwashe su kafin ta samu wurin kwanciya. Masu sayen kayanta yawanci matan aure ne da ba sa zuwa kasuwa, na cikin Kabo da na ƙauyukan kewaye. Takan ɗauki hoto ta tura musu, hotunan su je su cakuɗe da na bikin suna da na wa'azi. Sai mace ta bugo ta ce, "Ta ranar nan nake so," ba wanda ya san wace rana ce.

Wata rana ta zo Gwarzo gaisuwa, ta same ni a kan tabarma.

"Ke 'yar nan, an ce waya kika karanta."

"Kwamfuta ce, Gwaggo."

"To ai ƙanwarta ce. Ki yi mini wuri guda da zan zuba atamfofina, mace ta duba ta nuna wadda take so, in huta da ta ranar nan."

Wannan ne karo na farko da wani ya nemi in yi masa abin da na karanta. Ban nuna murna ba, don Gwaggo idan ta ga kana murna sai ta ƙara maka aiki. Na zauna na haɗa mata 'yar manhaja mai sauƙi. Hotunan atamfa ne jere bibbiyu, duk wadda ta danna hoto sai saƙo ya tafi wayar Gwaggo cewa wance tana son wannan.

Na hau mota na kai mata Kabo. Ta goge hannu da gefen zani, ta karɓi wayar, ta danna wani hoto. Ba abin da ya motsa, domin sabis a ɗakinta sai ya ga dama yake shigowa. Ta sake dannawa. Ta uku ta danne shi da ƙarfi har farcenta ya yi fari. Can bayan mun fara hirar wani abu daban sai saƙonnin suka shigo a jere, wayar tana ta ƙara.

Ta ce, "Wannan abin naki ba shi da tarbiyya. Ko yaro ka kira ai yana cewa na'am."

A darussan da nake bi akwai babi guda a kan wannan. Dole hoto ya nuna alamar an taɓa shi, in ba haka ba mutum zai yi ta dannawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a shimfiɗa wani launi shara-shara a kan hoton muddin yatsa yana kansa, kamar a dubi abu ta cikin siririn mayafi. Da an ɗaga yatsa sai launin ya tafi. Misalin da ke cikin darasin shuɗi ne, ni ma na bar shi shuɗi. Na koma na nuna mata. Ta danna, hoton ya yi shuɗi-shuɗi, ta ɗaga ya dawo yadda yake.

Ta ce, "Yauwa. Yanzu ya amsa."

Manhajar ta shiga wayoyin masu sayenta, daga wannan gida zuwa wancan. An ɗan jima lafiya lau. Sai ga saƙo daga ƙauyen Gammo, daga wata Hajiya da ke shugabantar ajin matan aure a wata Islamiyya. Ajin nasu ya sauke Alƙur'ani, za a yi walima, suna son anko. Wadda suka zaɓa wata atamfa ce ruwan hoda mai fararen furanni. Gwaggo ta ba mai mashin turmi guda ya kai su gani. Kafin la'asar turmin ya dawo a ledar da aka kai shi. Washegari Hajiya ta zo da kanta, Gwaggo kuma ta bugo mini ta ce in taho yanzu.

Na same su zaune, turmin a tsakaninsu. Hajiya babbar mace ce mai tabarau, irin matan da ko tari suka yi sai aji ya yi shiru. Na durƙusa na gaishe ta. Ta tambayi Malam babana, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi damina, ta tambayi gajiyar hanya, na amsa duka. Sannan ta nuna turmin da haɓa.

"Ba ita ba ce."

Gwaggo ta ce, "Ita ce, Hajiya. Saƙonki yana nan."

Hajiya ta ciro wayarta daga jaka, ta buɗe manhajar, ta ɗora yatsa a kan hoton. A nan na ga matsalar. Ita ba ta dannawa ta ɗaga kamar sauran mutane. Ɗora yatsa take yi ta bar shi a wurin, kamar mai dangwala ƙuri'a, sannan ta karkata kai ta dubi abin da ke kewaye da yatsan. Ruwan hodar ya koma wani makuba mai sanyi, fararen furannin suka yi shuɗi kaɗan kamar sararin sama bayan ruwa. Gaskiya ya fi na ainihin kyau.

"Wannan muke so."

Na ce, "Hajiya, wannan launin ba na atamfar ba ne. Ni na sa shi, don a san an danna."

"To madalla. Tunda ke kika sa shi, ai kin san inda ake samunsa."

"Ba a samunsa. Babu shi."

Ta dubi wayar, ta dube ni ta saman tabarau. "Ga shi kuwa."

Na sake bayani da misalin mayafi. Ta saurara har ƙarshe, ba ta katse ni ba. Da na gama ta ce ta gane sarai, amma ta riga ta zaga da wayar cikin aji, yatsanta a kai, kowa ta gani ta yarda. "Yarinya, kin san abin da ake sha kafin mata cikin aji guda su yarda da atamfa ɗaya? Tun kafin azumi muke wannan maganar. Ba zan koma in ce musu babu ba."

Gwaggo ta ce, "Za a samo, in sha Allahu."

Da muka raka Hajiya muka dawo na ce, "Gwaggo, wallahi babu wannan atamfar a duniya."

"Ke kin zaga kasuwa ne?"

Ban zaga ba. Saboda haka muka tafi birni, kasuwar atamfa. Tun a mota ta buɗe hoton ta ɗora babban yatsa. Na ce mata ko ta ɗaga ba zai ɓata ba, in ta sake dannawa zai dawo. Ta ce ta ji, ba ta ɗaga ba. Haka muka riƙa bin layi-layi, wayar a gabanta kamar mai haska hanya. Wani ɗan kasuwa ya duba ya ce jiya ta ƙare. Wani ya ce tana hanya, mu dawo mako mai zuwa. Wani dattijo ya ce ya san ta sosai, amma kamfanin ya daina yi tun bara. Duk wanda ya faɗi irin wannan sai Gwaggo ta waigo ta dube ni. Can wani saurayi ya ce, "Hajiya, ɗan ɗaga hannunki in gani da kyau." Ta ɗaga. Ya miƙa hannu bayansa ya jawo ruwan hoda mai fararen furanni ya ce, "Ga ta."

"Wannan ina da ita a gida," in ji Gwaggo.

Muka dawo ba mu sayo komai ba sai lemo da gurasa. Duk inda yatsanta ya zame a kasuwar, manhajar ta ɗauka ciniki ne. Da muka isa inda sabis yake da ƙarfi, wayarta ta cika da saƙonni cewa ita da kanta tana son ruwan hoda mai fararen furanni.

A gida na zauna gyara, don kada wata ta sake ganin abin da babu. Na cire shuɗin na sa hoton ya ɗan yi duhu idan an danna. Wata mata daga Kara ta bugo wa Gwaggo tana tambaya ko tsohuwar ajiya ce, ta ga kamar ta dafe. Na cire duhun na sa hoton ya ɗan ƙanƙance. Wata kuma ta tambaya ko irin mai tsukewa a wanki ce. Daga ƙarshe na bar atamfar yadda take, na sa wani siririn layi ya kewaye hoton ta waje, ba ya taɓa komai. Wannan ba wadda ta yi magana a kansa. Wayar Gwaggo ce kawai ban gyara ba, don ta hana ni taɓawa.

Ranar walima tana matsowa. Gwaggo ta zo Gwarzo ta sami Baba a zaure bayan ya sallami ɗalibai, ni ma aka kira ni. Ƙanenta ne, amma Malam take ce masa, shi kuma ya ce mata Yaya. Ta kwashe labari ta faɗa masa, ta miƙa masa wayar. Ya sa tabarau ya danna, ya ɗaga, ya sake dannawa. Ya daɗe yana yi, fiye da yadda fatawar take bukata.

Ya dube ni. "Ke kika yi wannan?"

"Ni ce, Baba."

"Uhm." Ya sake dannawa. Sannan ya ce, "Mai saye ya ga abin da babu, ya ƙulla niyya a kansa. To ko dai a cire abin da ya nuna masa, ko kuwa a samar masa abin da ya gani."

Ni rabin farko na ji, na ce na riga na cire. Gwaggo rabi na biyu ta ji. Ta juyo ta ce, "Me ma kika ce kin ɗora a kai?"

"Shuɗi ne shara-shara."

"To ai shuni ke nan. Malam, wa ka sani mai rini?"

Baba ya san wani marini a hanyar Mainika, uban wani ɗalibinsa, mai rina shadda a cikin rabin duro. Muka je da turmi guda. Mutumin ya juya atamfar ya ce, "Hajiya, wannan ai an gama da ita tun daga kamfani. Me ya rage?" Gwaggo ta ce in nuna masa. Rana ta yi ƙarfi, fuskar wayar ba ta ganuwa, sai da muka koma gindin darbejiya na yi mata rumfa da mayafina. Na ce bari in ɗauki hoton launin ya tsaya cak, kowa ya huta. Gwaggo ta ce a'a, wanda ake dannawa Hajiya ta gani, shi za a bi. Don haka na tsuguna, yatsana a kan waya, marini yana leƙowa ƙarƙashin mayafi ya duba, ya koma bakin duro ya ƙara ruwa.

Ƙyallen farko ya fito baƙi-ƙirin, furannin sun nutse. Na biyu kamar an wanke shi da bula. Na uku ya yi daidai yana jiƙe, da ya bushe sai ya koma wani abu da ba shi da suna. Yana yanka yana tsomawa, yana shanyawa a kan igiya, turmin yana raguwa. Yatsana ya sage, na canza wani. Kafin a dace an cinye turmin nan gaba ɗaya. Gwaggo ta miƙe. Ta bi igiyar ta tsince ƙyallayen, har da baƙin, ta ninke su ta sa a jaka.

A hanyar dawowa na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri. Ni na jawo miki."

Muka wuce wata gonar dawa. Sannan ta ce, "Tun da mai gidan ya rasu ba a taɓa ba ni anko ba. Birni suke tafiya su wuce ta ƙofar gidana. Ki bar ni in yi wannan."

Ban sake cewa babu ba. Ta koma birni wurin saurayin nan ta sayo ragowar ruwan hodar, marini ya rina su duka. Ba su fito iri ɗaya ba, don ruwan rinin yana raguwa da ƙarfi, na farko sun fi na ƙarshe duhu. Marinin ya ja mana kunne cewa kowa ta wanke tata da ruwan gishiri kafin a kai wa tela. Gwaggo ta faɗa wa Hajiya wannan a gabana, har sau biyu.

Hajiya ta zo karɓa. Ta shimfiɗa turmi guda a cinya, ta ɗora yatsa a wayar Gwaggo, ta dubi wannan ta dubi wancan.

"Ta wayar ta fi haske."

Na ce, "Wayar da fitila a cikinta, Hajiya."

Ta yi tunani. "Haka ne," ta ce, ta sa aka kwashe.

An gayyace mu walima. Aka yi ta a harabar makarantar a Gammo, an kafa rumfuna, maza a gefe mata a gefe, hadari yana ta haɗuwa ta gabas ba wanda ya kula shi. Gwaggo ta sa mu zauna gaba-gaba don ta ga kayanta da kyau. Aka yi addu'a, aka yi jawabai, sannan aka ce masu sauka su fito. Suka fito a layi, kowacce cikin farin hijabi har idon sawu. Abin da ake gani na atamfar bai wuce faɗin tafin hannu ba, shi ma sai mace ta ɗaga ƙafa.

Gwaggo ta zungure ni. "Ga ta can."

"Ina?"

"A ƙasa. Ki duba ƙasa."

Na duba. Ta yi kyau, iya abin da na gani.

Ana tsakiyar raba allunan shaida ruwa ya sauko, irin mai zuwa da iska. Masu saukar suna tsaye a fili, kuma ba wadda ta yarda ta bar layi kafin a kira sunanta. Na ji Gwaggo ta kama wuyan hannuna ta riƙe. Da farko ba abin da ya faru. Sai kafaɗar wata ta fara yin shuɗi, sai gwiwar wata, sai bayan wata tun daga wuya har ƙugu. Waɗanda suka wanke tasu hijabansu suna nan farare tas. Waɗanda ba su wanke ba, don kada sabuntar ta tafi, kowa ya gan su. Sun fi rabi, kuma ta Hajiya ta fi ta kowa zuba.

Da ruwa ya tsagaita ta nufo rumfarmu, allon shaidarta a hannu, hijabin ya yi dabbare-dabbare. Na miƙe na yi mata barka. Ta amsa. Gwaggo ma ta yi mata barka, ta ƙara da cewa Allah ya sa albarka a karatu. Ta amsa wannan ma. Suka tsaya suna duban juna.

Gwaggo ta ce, "An ce a wanke."

Hajiya ta ce, "An ce."

Ta juya ta koma wurin 'yan ajinta. Aka kawo mana waina da miya a roba, muka ci, muka nemi mashin zuwa Kabo.

Na zaci maganar ta ƙare a nan, tunda laifin ba na Gwaggo ba ne. Amma da safe ta aika mai mashin Gammo ya bi gida-gida ya karɓo hijaban da suka ɓaci. Ta kai wa marini ya tsoma su duka suka zama shuɗi mai haske, ta biya daga aljihunta, ta sa aka goge aka mayar wa kowa nata. Na ce mata wannan ya cinye ribar. Ta ce ta sani, ita ta yi lissafin, ba ni ba. Matan suka ci gaba da zuwa makaranta da su. Daga Hajiya kuwa ko godiya ba ta zo ba, ko ƙorafi. Damina ta wuce, aka yi girbi, ba a ji ɗuriyarta ba. Gwaggo ba ta ambace ta ba, amma duk sanda waya ta yi ƙara takan duba da sauri.

Ni kuma a wannan tsakanin wani mai sayar da takalma a Gwarzo ya ji labari ya nemi in yi masa irin manhajar, daga shi sai wani mai huluna. Su suna biya. Baba ya daina tambaya ta ko ana fama, ya koma turo mini mutane.

Ana saura kwanaki kaɗan Babbar Salla ina ɗakin Gwaggo ina ɗaukar hotunan sabbin kaya, sai muka ji sallama. Hajiya ce. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, aka tambayi kowa da kowa har da awaki. Ba wadda ta ta da zancen walima. Gwaggo ta miƙa mata waya ta duba sabbin zuwa, ta ce a bar shi, a sauko mata da su ta gani da idonta. Ta zaɓi wata kore mai ganye, ta fita da ita bakin ƙofa ta ɗaga ta a rana, ta juya gaba da baya. Sannan ta lashi yatsa ta murza gefen atamfar da ƙarfi, ta dubi yatsan. Ta ce a ba ta turmi biyu, ɗaya nata ɗaya na surukarta.